Yadda Zafi Ke Cin Ƙarfin Nailan

A shekarar 1935 ne Wallace Carothers, masanin kimiyyar haɗa sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, ya haɗa nailan mai lamba 6,6. A 1938 kuma Paul Schlack na Jamus ya fito da ɗan'uwansa, nailan 6. Daga waɗannan biyu ake yin zaren komar masunta, da igiya, da wasu sassan injin mota. Ledar zuba kaya da wasu ke kira nailan ba ta cikin wannan dangi, polietilin ce.

Ƙarfin nailan yana ga tsawon sarƙoƙin ƙwayoyinsa. To amma ba ya sarrafuwa sai an narkar da shi, a zafin da ya kai kimanin digiri 220 na ma'aunin Salshiyas ga nailan 6, ko wajen 260 ga 6,6. A nan ne ɓarna ke farawa.

Babban abokin gabarsa shi ne ruwa. Nailan yakan tsotsi laima daga iska, idan kuwa aka narkar da shi a haka, ruwan zai riƙa tsinka mahaɗan sarƙoƙin har su gajarce. Kayan zai fito da kyan gani, amma da ya ɗauki nauyi sai ya karye. Saboda haka ake busar da shi tukuna, har laimarsa ta gaza kashi 0.2 cikin ɗari. Iskar oksijin ita ma tana mayar da shi ruwan ɗorawa, ta sa shi gautsi, shi ya sa akan zuba masa gishirin jan ƙarfe domin kariya. Shi kuwa 6,6, in ya daɗe cikin inji da zafi, yakan fitar da amoniya, sarƙoƙinsa su harɗe su zama gudaji masu toshe kafofin fitar da zare.

Matsalar ta fi tsanani wurin sake sarrafa tsohon nailan, domin kowace narkarwa tana ɗora ɓarna a kan ta baya. Dabarar da aka saba ita ce gauraya tsoho da sabo, wadda dai rage asara ce kawai. Nailan 6 yana da mafita mafi inganci: ana iya warware shi da zafi da tururi ya koma sinadarinsa na asali, kafrolaktam, a tace, a sake haɗawa. Da irin wannan hanya kamfanin Aquafil na Italiya ya soma mayar da tsofaffin komaye da dardumomi sabon zare a Sulobeniya a 2011. Warware 6,6 ya fi wuya da tsada, domin daga sinadarai biyu aka gina shi.