Philip Schaff: baƙon malamin da aka tuhuma da bidi'a, ya zama jigon tarihin coci a Amurka

A watan Oktoban 1845, manyan limaman wata ɗariƙar Kiristoci sun taru a garin York na jihar Pennsylvania domin sauraron ƙarar da aka kai wani matashin malami mai shekara 26. Sunansa Philip Schaff, kuma bai daɗe da cika shekara ɗaya a Amurka ba. Ana zarginsa da karkacewa daga aƙida.

An haifi Schaff ranar 1 ga Janairun 1819 a garin Chur na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa kafinta ne, ya rasu tun yaron yana ƙarami, don haka cikin talauci ya tashi. Ilimi ne ya fitar da shi: ya yi karatun addinin Kirista a jami'o'in Tübingen da Halle da Berlin na Jamus. A Berlin ya zauna gaban August Neander, fitaccen masanin tarihin coci.

Yana koyarwa a can ne Jamusawa ƴan ci-rani da ke Amurka suka aiko nemansa. Mabiya ɗariƙar Reformed ne, wato reshen Furotesta da ya samo asali daga koyarwar Zwingli da Calvin, kuma suna buƙatar malami a makarantarsu ta horar da limamai da ke ƙaramin garin Mercersburg. Ya isa a 1844.

Jawabinsa na kama aiki ne ya jawo masa fitina. A lokacin, ƙyamar Katolika ta yi ƙarfi a Amurka. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa Furotesta ba daga sama ta faɗo ba, daga cikin cocin Katolika na ƙarnonin baya ta fito, kuma wanda ya yi watsi da wancan tarihi ya yi watsi da asalinsa. Wasu suka ce ai wannan jan mutane ne zuwa ga Fafaroma. Bayan doguwar muhawara, taron York ya wanke shi.

Batun harshe ma ya sha masa kai. Da farko ya dage sai da Jamusanci, har ya kafa mujalla da harshen a 1848. Amma da ya ga ƴaƴan ƴan ci-rani suna tasowa da Ingilishi a bakinsu, sai ya sauya ra'ayi, ya koma rubuta manyan littattafansa da Ingilishi. Ya kan bayyana kansa a matsayin haifaffen Suwizalan wanda Jamus ta ilmantar, ya kuma zaɓi Amurka da kansa.

Yaƙin basasar Amurka ya dagula karatu a Mercersburg, sai ya koma New York. Daga 1870 ya koyar a makarantar Union Theological Seminary. Ya shugabanci kwamitin Amurka na sabunta fassarar Littafi Mai Tsarki ta Ingilishi. A 1877 ya fitar da juzu'i uku da suka tattara aƙidun ɗariƙun Kirista daban-daban, kowace da kalmominta, a 1888 kuma ya kafa ƙungiyar masana tarihin coci ta Amurka. Babban aikinsa, tarihin cocin Kirista mai juzu'i takwas, bai kammala shi ba. Ɗansa David ne ya ƙarasa.

A 1893, duk da ciwon shanyewar jiki da ya same shi, ya tafi Chicago wurin taron addinan duniya, inda aka gabatar da takardarsa kan sake haɗa kan Kiristoci. Maganar da ta kai shi gaban alƙalai yana matashi, ita ce ya rufe rayuwarsa da ita. Ya rasu a New York ranar 20 ga Oktoban 1893.