Lambunan Suzhou: Yadda Ake Faɗaɗa Fili da Katanga da Lungu

Wanda ya je lambun Liu Yuan a birnin Suzhou na ƙasar Sin, ba furanni ne ke fara tarbarsa ba. Daga bakin titi wani lungu zai shiga, matsattse, mai rufi da ɗan duhu, yana karya kwana hagu da dama har tsawon kusan mita 50. Sai can ya fara hango ƙyallin ruwa ta wasu tagogi masu ado kamar raga, kaɗan-kaɗan, kafin tafki da duwatsu da itatuwa su bayyana gaba ɗaya. Lambun, wanda aka fara ginawa a 1593, bai wuce hekta biyu da 'yan kai ba, amma idon da ya fito daga ƙunci gani yake filin ba shi da iyaka.

Bahaushe ba zai yi mamaki sosai ba, domin zauren gidan gargajiya ma ba ya barin mai wucewa ya leƙa tsakar gida. Sai dai shi zaure sirrin iyali yake karewa, wannan lungu kuwa marmarin baƙo yake tsokana.

A fadar Versailles ta Faransa, mutum na tsaye wuri guda yake ganin lambun sarki ya miƙe ɗoɗar. Masu lambunan Suzhou, galibinsu manyan ma'aikatan gwamnati da suka ajiye aiki da attajirai, a tsakiyar gari mai cunkoso suka yi nasu ginin, don haka suka bi wata hanyar: kada a taɓa barin baƙo ya ga komai a lokaci guda. Katanga ta raba filin gida-gida. Ƙofa mai siffar wata ta yanko wani yanki ta ajiye shi gaban mai kallo tamkar hoto. Gadoji masu zikzak suna tilasta wa mai tafiya ya rage sauri, kuma duk kwanar da ya karya, abin da ke gabansa ya sauya.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne lambun Wangshi Yuan, wanda duka-duka kimanin rabin hekta ne. An ƙanƙanta gine-ginen da ke bakin tafkin don ruwan ya yi kama da mai faɗi, an kuma lanƙwasa kusurwoyinsa suka shige ƙarƙashin 'yar gada da bayan duwatsu, ta yadda mai kallo zai ɗauka ruwan ya zarce wani wuri. Har madubi aka kafa a rumfar da ke bakin ruwa, ya ninka abin da ido ke gani. Ɗaya daga farfajiyoyin wannan lambu aka kwaikwaya a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, aka buɗe a 1981.

Akwai kuma dabarar aron kallo, wadda Ji Cheng ya yi bayaninta a littafinsa Yuanye na 1631. A lambun Zhuozheng Yuan, wanda Wang Xianchen ya fara a 1509, wanda ya tsaya a gabashin tafki ya dubi yamma zai ga hasumiyar Beisi tsakanin itatuwa kamar a cikin lambun take, alhali tana can waje, kusan kilomita guda. Mai lambu bai sa bulo ko ɗaya a cikinta ba, fili kawai ya bar wa ido. Da an bari dogayen benaye sun tashi a tsakani, da kallon ya mutu. Sa'ar da aka yi, hukumomin birnin sun taƙaita tsayin gine-gine a tsohon gari.

Duwatsu masu ramuka da ake kawowa daga tafkin Tai su ne tsaunukan lambu. Na Liu Yuan mafi shahara ya haura mita 6.

UNESCO ta sanya lambunan Suzhou huɗu cikin jerin kayan tarihin duniya a 1997, aka kai su tara a 2000. Shaharar ta zo da tata tsadar. An tsara waɗannan wurare ne don mai gida da 'yan abokansa su zauna shan shayi, ba don ayarin masu yawon buɗe ido da ke bin jagora mai tuta ba, kuma a ranar hutu lungun Liu Yuan layi kawai yake zama. Mai son ganin abin da maginan suka nufa, ya yi sammako ya isa ƙofa kafin motocin baƙi.