Makoki da Ladan Aiki a Ƙasar Dawakin Tofa

A zamanin da arzikin mutumin Dawakin Tofa bai wuce gonarsa da rumbunsa ba, idan Allah ya yi wa wani nasa rasuwa ba ya neman iznin kowa kafin ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya zauna karɓar ta'aziyya har sadakar uku. In kuwa ajalin ya sauka da damina, ciyawa tana neman shaƙe gero, dangi da maƙwabta ne ke saɓa fartanya su yi masa gayya, matansu kuma su aiko da akussan tuwo, domin Sunna ta kwaɗaitar da ciyar da iyalan mamaci.

To, yayin da rabon gado da yawaitar jama'a suka tsuke gonaki, har magidanta suka shiga neman abinci a kasuwar hatsi ta Dawanau da masana'antun Bompai da Sharaɗa, sai kwanakin mutum suka zama abin sayarwa, wanda ya saya kuwa ba lallai ne ya yafe ko ɗaya ba. Dokar Ƙwadago ta 1971 ta tanadi hutun kwana shida a shekara, da kwana goma sha biyu na jinya, da mako goma sha biyu na haihuwa, amma mutuwa, wadda ba gidan da take tsallakewa, ba ta ambace ta ba.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma galibi ba ya jin wannan giɓi, tunda shugabansa ma yana cikin masu zuwa gaisuwa. Ɗan dako ne ke jinsa, wanda ranar da bai ɗauki buhu ba tukunya ba ta hawa murhu. Wadda ta fi kowa jinsa kuwa ita ce matar da ke tsintar riɗi ko zoɓo a ɗakunan ajiya, wadda in mijinta ya rasu Shari'a ta wajabta wa takaba ta wata huɗu da kwana goma. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun halatta mata fita da rana saboda lalura, muddin za ta kwana a ɗakinta, amma rangwamen fiƙihu ba ya hana bakin unguwa, don haka sau da yawa sai ta zaɓa tsakanin mutuncinta da cikin marayunta.

Saudiyya ta sanya wa ma'aikaciya Musulma hutun takaba cikakke da albashinta, akwai kuma masu ganin ya kamata a kwaikwaya. Ina tare da su, sai dai ina shakkar iyakar amfaninsa, domin doka tana bin takardar ɗaukar aiki ne, alhali mafi yawan masu aikin Dawanau da baki aka ɗauke su, da yamma ake sallamarsu, kuma gurbin wanda ya tafi jana'iza kafin azahar an ba wani.