Katin Hannu da Gadon Zayyana a Birnin Kudu da Gwaram

A shekarar 1843 wani ma'aikacin gwamnati a birnin Landan, Henry Cole, ya sa mai zane John Callcott Horsley ya tsara masa katin gaisuwar Kirsimeti. Aka buga kwafi 1,000, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana shafa musu launi da hannu, aka sa wa kowanne farashin sule guda. Shekara uku kafin nan Ingila ta mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya, don haka katin ya sami hanya a buɗe. Daga can ya iso mana ta hannun 'yan mishan da makarantun boko da gidan waya. Musulmi ma suka ɗauka, aka sami katin barka da Sallah, wanda ɗaliban makarantun kwana suka yi yayinsa sosai. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai kasuwarsa ta fara mutuwa. Yau hoto guda ne mutum zai tura wa mutum ɗari ta WhatsApp, bai ma tsaya ya rubuta sunan kowa ba.

A Birnin Kudu da Gwaram, inda Musulmi ne mafi rinjaye, Kirsimeti bikin 'yan tsiraru ne: ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da malaman makaranta, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwar da zama ya kawo su. Mai shago ba zai tara katunan da zai yi ta kaɗe wa ƙura har wata shekara ba. Wanda ke son kati sai dai ya yi da kansa, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin rashi ba, domin ƙawata takarda da hannu tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa. A tsangaya take zaune, shi ya sa 'yan boko ba su cika lissafa ta cikin fasaha ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar wani alaramma ya ga Alƙur'ani rubutun hannu ya san abin da nake nufi. Baƙin rubutu da tawada, wasulla da ja, hamza da ɗigon rawaya. Bayan aya biyar a sa kumsa, bayan goma a sa kuri. A gefen shafi ga da'irori masu nuna sumuni da rubu'i da hizifi, da wuya ka ga biyu iri ɗaya sak. Sai kuma babbar zayyana a farkon littafi da kan kowane kashi huɗu nasa, inda marubuci ke sakin hannu ya cika wuri da murabba'i da saƙar layuka, ba mutum ba dabba. Kayan aikin duk na gida ne: alƙalamin kara, tawadar da aka dafa da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, a zuba ƙaro don ta kama. Takardar ce kawai baƙuwa. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga arewacin Italiya take fitowa, mai tambarin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske, ta biyo ayarin raƙuma daga Tarabulus zuwa Kano. A Kanon nan ne Sharu Bala Gabari ya yi suna da kyan hannu, har aka buga rubutunsa aka baza a kasuwanni.

Allon zayyana ma ya fi kusa da zancenmu. Yaro ya sauke, a rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara a sabon allo, a kewaye da ado, ya ɗauka ya zaga dangi, su sa albarka su ba da abin da ya sawwaƙa. An yi shi ne domin mutum ɗaya da rana ɗaya, kuma ana ajiye shi shekaru. Abin da katin hannu ke nema ya zama ke nan.

Mutanen Birnin Kudu kuwa suna da hujjar da ta girmi takarda. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse, wanda mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazari a kai a tsakiyar shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗa na wurin. Surar bijimi mai dogon ƙaho, da ja a kan farar takarda, ta fi dacewa da katin garin fiye da dusar ƙanƙara da barewar Turai da yaro bai taɓa gani ba.

Aikin haɗa katin kansa ba wuya. Takarda mai kauri girman A4, wato santimita 21 da 29.7, idan aka raba ta biyu aka naɗe kowane rabi, an sami kati biyu. Kafin naɗewa a ja layi da bayan wuƙa a bisa rula, in ba haka ba hunturu ya busar da takardar, gaɓar za ta tsage. Ƙaro da aka jiƙa ko kokon rogo sun isa manni, amma a shafa kaɗan, a danne da littafi mai nauyi ya kwana, don kada katin ya lanƙwashe. Ƙyallayen atamfa da shadda da tela ke sharewa sun ishi ado, haka ragowar zaren masu ɗinkin hula. Guntayen da suka rage a yanka su tsawon yatsa, a huda da ƙusa, a zura zare, a rubuta suna, a ɗaura a ƙunshin kyauta ko a murfin kwanon da za a kai wa maƙwabci. Wanda ya taɓa raba abincin biki gida goma ya san yadda kwanuka ke rikicewa.

Akwai iyaka guda da ya kamata a kiyaye. Kati abu ne da yara ke wasa da shi, ƙarshensa shara, saboda haka kada a sa aya a jikinsa, ta Alƙur'ani ko ta wani littafin da wani ke girmamawa. A ari saƙar layukan da launukan kawai. Da yake babu surar mutum ko dabba a cikinsu, zane guda zai yi wa Sallah, ya yi wa Kirsimeti, ya yi wa suna da ɗaurin aure.

Inda abin ke ba ni takaici shi ne makaranta. Darasin fasaha da al'adu yana cikin manhajar firamare, amma a wurare da yawa aikin hannu ya koma a kawo tsintsiya ko a ba da kuɗi a karɓi maki. Alhali a unguwa guda za a iske gardin da ya iya fere alƙalami da haɗa launi, ba wanda ya taɓa gayyatarsa aji. Shugaban makaranta a Sara ko Basirka ba ya buƙatar takardar izini daga Dutse kafin ya roƙi irin wannan mutum ya zo ranar Alhamis, da ma ranar hutun tsangaya ce, ya zauna da 'yan aji biyar na awa guda.