Kukun Gidan Marowaci

A sashenmu na nazarin wasan kwaikwayo ba a ba ɗalibi makin shekara ta uku da takarda da biro kaɗai. Dole ajin ya ɗauki wasa guda cikakke, ya haddace, ya yi ta gwaji, sannan ya nuna shi gaban jama'a. Da zagayen ya zo kanmu, mafi yawanmu mun so a ba mu wasan ban tausayi, irin wanda sarki zai mutu a ƙarshe kowa ya fita yana share hawaye, don a ganinmu a nan ake nuna gwaninta. Malaminmu ya bari muka gama surutunmu, sannan ya ajiye wani tsohon wasan barkwanci na ƙasar Faransa a kan tebur. Ya ce sa mutum kuka ba wuya, in mun isa mu sa ɗaki guda ya kwashe da dariya a lokaci guda, sannan mu zo a yi maganar maki.

Sunan wasan da Faransanci L'Avare, wato Marowaci. Wanda ya rubuta shi Moliyar, an haife shi a birnin Paris a 1622. Mahaifinsa mai rufin asiri ne, yana riƙe da muƙamin mai kula da shimfiɗu da labulen fadar sarki, muƙamin da ake sa ran ɗan zai gada. Yaron ya watsar, ya kafa ƙungiyar wasa a 1643, ta karye, har aka ɗaure shi saboda bashi. Ya fita yawon garuruwa da 'yan wasansa sama da shekara goma kafin ya dawo Paris a 1658 ya yi wasa gaban Sarki Luwi na 14. Marowaci kuwa an fara nuna shi ranar 9 ga Satumba, 1668, kuma Moliyar da kansa ya fito a matsayin marowacin. Ƙashin bayan labarin ma ba nasa ba ne, ya ɗauko ne daga wani wasa na Filautus, marubucin tsohuwar daular Rum, kan wani tsoho da tukunyarsa ta zinariya. Ashe tun kafin zuwan Annabi Isa ake yi wa marowata dariya.

Labarin a taƙaice: Harfagon tsoho ne ɗan shekara sittin, matarsa ta rasu, yana da ɗa namiji, Kiliyant, da 'ya mace, Eliz. Ya binne akwatin zinariya a lambun gidansa, kuɗin zamanin da ake kira eku har 10,000, kuma tun daga nan barci ya ƙaurace masa. Kare ya yi haushi, sai ya ruga lambu. Ya ƙudura zai auri wata budurwa, Mariyan, bai san ita ce ɗansa yake mutuwar so ba. 'Yarsa kuma zai ba wani dattijo, Anselm, alhali ita ta riga ta yi alkawari da Baler, saurayin da ya ɓad da kama ya shigo gidan a matsayin wakilin maigida don ya kasance kusa da ita.

Ni ba a ba ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An ba ni Jak.

Jak shi ne kukun gidan, shi ne kuma mai tuƙa keken doki, saboda maigida ba zai biya albashin mutum biyu ba. Duk lokacin da Harfagon ya kira shi, sai ya tambaya da wanne ake son magana, kuku ko mai doki. In an ce kuku, sai ya tuɓe rigar tuƙi ya fito a kayan girki. In magana ta koma kan dawaki, sai ya mayar. Harfagon zai yi liyafa don amarya, yana son abinci mai nauyi mai saurin cika ciki don baƙi su ƙoshi da wuri. Ya umarci barori su riƙa tsarma abin sha da ruwa. Baran da rigarsa ta yi tabon mai an koya masa ya rufe wurin da hula, mai yagaggen wando kuma an ce ya riƙa juya bayansa ga bango. Dawakin gidan yunwa ta hana su tashi, kuma Jak ne kaɗai yake tausayinsu. Sai da na fara hadda na gane cewa wannan ƙaramin mutum shi ne mai gaskiyar gidan. Maigida ya matsa masa ya faɗi abin da ake cewa game da shi a gari, ya yi alkawarin ba zai yi fushi ba. Jak ya zayyana: an ce ya kai kyanwar maƙwabci ƙara don ta cinye ragowar cinyar rago, an ce an taɓa kama shi da dare yana satar abincin dawakinsa na kansa. Ladan gaskiyar tasa, sanda. Daga nan ya rantse ya bar gaskiya, kuma a kashi na biyar ya cika rantsuwar, ya ɗora wa Baler satar da bai yi ba.

Kafin mu fara gwaji mun yi doguwar gardama. Wasu sun ce a ɗauko labarin kacokam a kawo shi gida, Harfagon ya zama wani Alhaji mai shago a kasuwa. Malam ya ƙi. Ya ce a bar mutanen a Paris da sunayensu da zamaninsu, bakinsu kawai za a mayar Hausa, daga fassarar Ingilishi da muke da ita. Ina cikin waɗanda suka goyi bayansa. In ka sa wa marowaci babbar riga da hula, 'yan kallo za su shagala da neman wane ake nufi a unguwarsu. In ka bar shi da baƙin kwat da gashin kanti na Turawan da, sai su saki jiki, kafin su ankara sun gane shi da kansu.

Wuri guda ne al'adar ta so ta ba mu wahala. A Faransa ta wancan zamani uban amarya ne yake haɗa 'yarsa da dukiya ya miƙa wa ango. Abin da ya sa Harfagon ya liƙe wa dattijo Anselm shi ne ya yarda zai karɓi Eliz ba a ba shi ko kwabo ba. Duk hujjar da Baler ya kawo, ta tazarar shekaru ce ko ta rashin so, tsohon yana da amsa guda da yake ta maimaitawa, cewa ai ba sai ya ba da komai ba. Mun ji tsoron mutanenmu ba za su fahimta ba, tunda a wurinmu namiji ke biyan sadaki. Wata 'yar ajinmu ce ta warware mana. Ta ce duk uban da ya taɓa yi wa 'ya kayan ɗaki da gara zai fahimci Harfagon tun kafin ya rufe baki.

Wahalar gaske tana wajen abokina da aka ba marowacin. Yaro ne mai ban dariya tun asali, ko a ɗakin kwana shi ke riƙe da hira. Ya shigo gwaji da duk kayan aikinsa: murguɗa baki, zare ido, tafiyar ƙwambo, maƙale murya. Muka yi ta dariya a farko. Bayan mun gani sau da yawa sai dariyar ta ƙafe, kuma ba wanda ya san dalili. Wata rana Malam ya tsayar da shi a tsakiyar magana.

"Kai wa kake ba dariya?"

"'Yan kallo, Malam."

"To Harfagon bai san da su ba. Shi a ransa ba wasa yake ba. An kewaye shi da ɓarayi, 'ya'yansa na jiran ya mutu. Yi mini mutumin da ke cikin tsoro, ka bar mana dariyar."

Wannan shi ne babban abin da na koya a duk shekarun karatuna. Ɗan wasan barkwanci ba ya neman dariya, yana neman abin da mutumin da yake kwaikwaya ke nema, da iyakar gaskiyarsa. Da abokina ya daina wasa da fuska ya fara laluben aljihun bara da hannu mai rawa, kamar ransa ne a ciki, sai muka koma dariya, irin wadda ba ta ƙarewa ko an maimaita. Duk wanda ya kalli Samanja Mazan Fama ya san haka: Usman Baba Pategi bai taɓa nuna ya san yana ba da dariya ba, fuska a murtuke yake ba da oda.

Na biyu shi ne lokaci. Zancen barkwanci tsakanin mutum biyu tamkar lugude ne a turmi guda, in taɓarya ɗaya ta yi jinkiri ko ta yi gaggawa sai a yi karo. Canjin rigata ya zama abin ƙidaya. In na yi sauri, ba a ga abin da ya faru ba. In na ja, Harfagon ya tsaya yana jira, zancen ya mutu. Muka ɗinka rigar da maɓalli guda don ta fita da motsi ɗaya. Dukan sanda ma sai da aka koya mana: mai duka yana tsayar da sandar kafin ta taɓa jiki, wanda ake duka ne yake yin motsin da ƙarar, wani a bayan labule yana buga katako. Duk da haka na kwana da ciwon kafaɗa ba sau ɗaya ba.

A ƙarshen kashi na huɗu akwai wurin da duk mai yin Harfagon yake jin tsoro. La Filesh, baran Kiliyant, ya tono akwatin ya gudu da shi. Tsohon ya fito shi kaɗai yana kururuwa, ya cafke hannun da yake zaton na ɓarawo ne, ashe nasa ne. Yana yi wa kuɗin magana kamar masoyin da ya rasu. Can sai ya juyo ya dubi 'yan kallo, ya fara zarginsu, yana neman a kama kowa a rataye. Moliyar ya rushe katangar da ke tsakanin dandamali da kujeru da gangan. A gwaji wurin bai taɓa yin armashi ba, don kujeru ne wayam a gabanmu, ba wanda za a zarga.

Daren wasa ɗaki ya cika, ɗalibai da malamai da iyaye, har da yara a gaba a zaune a ƙasa. A nan muka gano akwai wani ɗan wasa da bai taɓa zuwa gwaji ba, wato dariyar kanta. Tana cin lokaci. In ka yi magana a cikinta ba a ji ka ba, in ka jira ta mutu gaba ɗaya wasan ya yi sanyi. Sai ka shigo daidai lokacin da ta fara sauka, kuma wannan ba a koyonsa sai da mutane a gabanka. Inda muka sa rai za a fashe, wani lokaci murmushi kawai aka yi. Maganar kayan ɗaki kuwa, tun a maimaitawa ta biyu iyaye maza suka fara faɗinta tare da Harfagon. Da ya zo zargin 'yan kallo, abokina ya sauko ya tsaya kan wani dattijo a layin gaba yana ƙare masa kallo. Dattijon ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya ce, "Wallahi ɗana, ba ni ba ne." Sai da muka tsaya a bayan labule muna toshe baki.

Akwai kuma inda ɗakin ya yi tsit. Kiliyant ya rasa kuɗi, ya nemi rancen faran 15,000 ta hannun dillali, a wurin mai ba da bashi da ruwa da bai sani ba. Ruwan ya haura kashi 25 cikin ɗari, kuma 12,000 kawai za a ba shi a hannu, sauran 3,000 a tarkace: tsohon gado, tsofaffin bindigogi, har da fatar wani ƙaton ƙadangare da aka cusa wa ciyawa. An yi dariyar ƙadangaren. Amma da aka haɗa mai rance da mai ba da rance, ɗa ya ga ubansa, uba ya ga ɗansa, kowa yana kunyata ɗan'uwansa, ba wanda ya yi motsi. A ganina nan ne zuciyar wasan. Rowa ta mai da kowa a gidan maƙaryaci: ɗa yana fatan gado, 'ya tana ɓoye alkawari, Baler yana fadanci, Jak ya bar gaskiya.

Ƙarshen wasan kam ban taɓa yarda da shi ba. Kwatsam sai ga shi Anselm ne mahaifin Baler da Mariyan, mutanen Nafoli ne da haɗarin jirgin ruwa ya raba shekara goma sha shida da suka wuce. Ya ɗauki nauyin auren biyu, har da ɗinka wa Harfagon kayan biki. Ɗinkin gaggawa ne, marubucin yana son a tashi. Abin da ya cece shi guda ne: Harfagon bai shiryu ba. Kowa ya tafi murnar aure, shi ya tafi duba akwatinsa. Moliyar ya san hali zanen dutse ne, bai yi mana ƙaryar tuba ba.

Moliyar ya rasu ranar 17 ga Fabrairu, 1673, sa'o'i kaɗan bayan ya kammala wani wasan nasa na barkwanci yana fama da tari a kan dandamali. Da yake coci ba ta ganin 'yan wasa da mutunci a lokacin, sai da sarki ya sa baki aka binne shi, da dare. Shekara bakwai bayan haka aka kafa gidan wasan ƙasa na Faransa, wanda har yau ake kira gidan Moliyar. Na ba mahaifina wannan labari, shi da ya daɗe yana tambayata ko wasa ma karatu ne. Ya ce ya ji, amma shi Jak ya fi ba shi tausayi.

Malaman makarantun sakandare da ke kukan rashin kayan aiki, ga wasan da ba ya bukatar komai sai tebur, kujera, akwati, sanda da riguna biyu na kuku. Ku samo shi, ku mayar da shi bakin ɗalibanku, ku kira iyaye su zo kallo.