Wayar gida a Nijar: kafin ka ce a jawo maka layi

Salula ta ture wayar girke daga falo, amma makarantu da ofisoshi, da masu son intanet mai zama ɗaya, suna nemanta har yau.

Zaɓi kam ba shi da yawa. Layin waya na ƙasa a hannun Niger Telecom yake, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Lambobinsa da 20 suke farawa. Airtel, Moov da Zamani sun fi ƙarfi ta wajen salula.

Kafin ka cika takarda, tambayi ko igiya ta iso unguwarku, da nawa ne kuɗin jawowa da na wata.

Abin da mutane ke mantawa shi ne wuta. Tsohon layin tagulla daga ofishin waya yake samun lantarkinsa, shi ya sa ko an ɗauke wuta kira na shiga. Na fibar kuwa, da zarar akwatin ya mutu shi ke nan. In akwai tsoho ko maras lafiya a gida, a tanadi batiri tun ranar da za a kunna layin.