Daga filayen Gashuwa zuwa Golden Eaglets: Yaron da ƙaryar shekaru ke zaunarwa a benci

Da rana ta yi sanyi bayan la'asar, filayen makarantu a Gashuwa da Nguru sukan cika da yara, wasu da takalmi, wasu ƙafa a ƙasa, an aza duwatsu biyu a matsayin raga. Lokacin hutu unguwanni kan shirya gasa, kuma ba a rasa ƙungiyar da ke zama gagara-badau.

Burin yaran shi ne sanya rigar Golden Eaglets. Babu ƙasar da ta kai Najeriya lashe Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17: ta ɗauke shi a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. A gasar 2015 a Chile, Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10.

Sai dai a 2016 gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI ya tankaɗe 'yan wasa 26 daga sansanin ƙungiyar. Nijar, maƙwabciyar Yobe, ta fitar da Najeriya a wasannin share fage.

Cutar daga unguwa take farawa. Duk kociyan da ya saka saurayi mai shekara 20 a gasar yara zai iya ɗaukar kofi, amma ɗan shekara 14 na gaskiya a benci zai ƙare, har ya haƙura da ƙwallon.

A garuruwan da yara da yawa ba su da rajistar haihuwa, wannan takarda ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce alƙalin wasa na farko da masu shirya gasa ke buƙata.